Kawu Nomau da Abarbar da Ba a Ci

A tashar jirgin ƙasa ta Wagadugu na fara sanin cewa mutum yana iya yi maka Hausa garau, ya kira ka ɗan'uwa, sannan ya cuce ka yana murmushi. Kwana huɗu ke nan rabona da garinmu Tajaye. Na biyo ta Konni da Doso da Yamai a saman buhunan albasa, har rigata ta koma warin miya. Shekara biyu ne bayan yunwar tamanin da huɗu, rumbunmu bai farfaɗo ba, matata Dije tana da ciki wata biyar, kawuna Nomau kuma ya aiko daga Abijan cewa in taho, akwai aiki. Ina tsaye rungume da buhuna ina zazzare ido, sai wani mai farar hula ya dafa ni.

"Ɗan'uwa, Ba'adare na kai ko? Ga tsayuwakka na gane ka. Kana da takardal lamba?"

Na ce ban san da ita ba. Ya riƙe baki ya yi salati, ya ce ai ba mai tsallaka iyaka sai da shaidar an yi masa allura, amma in kwantar da hankalina tunda Allah ya haɗa mu. Ya karɓi abin da ya karɓa, ya ɓace, ya dawo da takarda mai hatimi har biyu. Ni ban yi lakwal ba, ban iya karatun boko ba. Na naɗe ta na cusa a aljihun ciki, har na bi shi da addu'a.

A kan iyaka masu kaki suka sauke mu duka. Wanda ya karɓi takardata ya duba, ya sake dubawa, ya kira abokansa. Dariya suka yi har ɗayansu ya zauna a ƙasa. Wani fasinja mai jin Hausa ya sunkuyo ya gaya mini cewa takardar allurar shanu ce, kuma a ciki an rubuta ni bijimi ne ɗan shekara uku, lafiyata lau. Masu kakin suka ce tunda sa ne ni, sai na yi kukan sa kafin in wuce. Na yi. Ina da shekara ashirin da huɗu, ina da mata a gida, na durƙusa da hannu da gwiwa a kan tsakuwa na yi kukan shanu sau uku, mutanen jirgi suna leƙe ta taga. Suka zazzage buhuna, suka ɗauke cuku da gabun albasa da Inna ta ɗaure wa yayanta, suka ce in hau.

Da jirgi ya tashi wata tsohuwa mai kwandon ayaba ta miƙo mini guda biyu, fuskarta tana kallon waje. Har yau ina yi mata addu'a, ba don ayabar ba, don ba ta dube ni ba.

A Abijan na sauka a zauren Alhaji Kadri, mutumin Illela, inda duk ɗan Adar ke fara ajiye kaya. Kwana biyu ina jiran Kawu. A Tajaye babban mutum ne. Shekara goma sha takwas yana Abijan, shi ya sa wa masallacin unguwarmu kwano, shi ya aiko mana da shinkafa lokacin yunwa, kuma kowa ya ɗauka shago gare shi. Wanda ya shigo zauren wani ramammen dattijo ne da dogon takalmin roba, hannuwansa duk zane kamar ya yi dambe da kyanwa. Ya kamo fuskata ya matso da ita dab da tasa, ya daɗe yana kallo. Na ɗauka kewa ce.

Gonar da Kawu yake aiki tana bayan gari, tafiyar awa ɗaya da rabi a mota. Ta wani Nasara ce wanda ba ya zuwa sai ranar Talata. Rumfuna ne dogaye na baƙar raga, a ƙarƙashinsu tebura, a kan teburan tukwanen roba iya ganinka. Ni manomin gero ne da albasa, abin da na sani shi ne ka shuka ka ci. Sai ga ni cikin ƙarti talatin muna zubar da gumi a kan abarbar da ba a ci. Dangin abarba ce, amma ta ado, manyan otel da gidajen masu hali ke sayenta su ajiye su yi ta kallo. Ganyenta masu kauri sun zagaye sun yi kofi a tsakiya, ta kofin nan take shan ruwa, saiwarta ta riƙo ce kawai. Ba a dasa ta a ƙasa, sai a ɓawon kwakwa da gawayi. Sau ɗaya take fure, daga nan ta fitar da 'ya'ya a gindi. Idan ɗa ya kusa rabin uwa a yanke shi da wuƙa mai kaifi, a bar yankan ya sha iska kwana biyu a inuwa, a dasa shi a tasa tukunyar.

Ranar farko aka ba ni tebur shida. Na ga ruwa kwance a wuyan kowace, har da 'yan kwaɗi a ciki. A gonakin albasa na Tsarnawa inda na yi ƙodago, ruwa ya kwanta a wuya ruɓa ke nan. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tsiyayewa, ina yaba wa kaina. Sai ga Sef Kwasi, shugaban ma'aikata, wani gajere mai biro uku a aljihu waɗanda ban taɓa ganin ya yi rubutu da ko ɗaya ba. Marin da ya yi mini sai da na ga wuta. Kawu yana tsaye a gefe. Da muka koma ɗaki ya jiƙa tsumma ya miƙo mini, ya ce gobe zai fara koya mini aiki.

Aikin Kawu ba ban ruwa ba ne, ba ɗaukar kaya ba. Shi ke raba iri. Akwai biyu a gonar da suke kama tun suna ƙanana, kuma duk cikin talatin ɗin nan, har da Sef, shi kaɗai ya san wace ce wace.

"Zamna nan, ba ni hannunka," in ji shi. Ya ɗora yatsana a gefen ganye. "Ja sannu. Mi kaj ji?"

"Ƙaya, Kawu."

"To da zuma kaka son ji? Wace iri?"

"Ƙanana, kusa da juna."

"Awa haƙoran lauje. Wagga ita ta Mai-haƙuri, Nasara na ce mata Ekmeya. In tay yi hure, kai guda na, ruwan hoda, tsaye, wata biyat bai sunkuya ba. Taɓa waccan."

Ƙayoyin waccan manya ne, a warwatse. Ɗaya ta shige mini ƙarƙashin farce na yi tsalle.

"Ta gaishe ka ke nan. Baƙuwa ta, Bilbarjiya. Hurenta ya hi kyawo, amma lanƙwashe shika hitowa, kwana bakwai ya bushe. Suna ƙanana dut toka-toka su na da hwarin zane. Wanda bai sani ba, sai sun yi hure shi sani, sannan an makara."

Sauran na koya da ido. Mai-haƙuri tana girma tana buɗewa kamar akushi, ganyenta da faɗi, bakinsa a zagaye da ɗan tsini. Baƙuwa ganyenta kaɗan ne, a matse, tsaye kamar gora, bayan ganyen yana yin duhu-duhu idan ta sha rana. Wanda ya tashi yana raba gero da shibra tun suna tsiro, wannan ba zai gagare shi ba. Kafin wata huɗu ina gane su daga bakin rumfa, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya fara girma.

Rannan muna jera tukwane da Salfo, wani Bamoshe abokin ɗakinmu, Kawu ya nuna wata daga nesa ya ce a kai ta cikin Masu-haƙuri. Na ce, "Kawu, wagga Baƙuwa ta." Ya matso ya shafa gefen ganyen, ya wuce. Kwana uku ba ya sa hannu a kwano ɗaya da ni. A bakin gonar akwai wata Madam Aya mai sayar da acake, garin rogon da muke rayuwa a kansa, kullum tana ƙara wa Kawu kan kifi. Can ya koma cin abincinsa shi kaɗai. A na huɗu ya kira ni bayan rumfa.

"Isuhu, uwakka ni nir riƙe ta bayan mutuwar ubanmu. Yau ɗanta na a ka gyara min magana gaban Bamoshe? Ko rijiya kag ga na hwaɗa gaban mutane, ka bari su watse sannan ka miƙo igiya. Ka ji?"

Na ce na ji, na ba shi haƙuri har ƙasa. A wurinmu haka abin yake, ban ga laifinsa ba.

Salfo ne ya buɗe mini ido. Ana sa abarbar nan fure lokacin da ake so da karbi, farin dutsen nan da masu walda ke jiƙawa. A narka shi a duro, a zuba kaɗan a kofin kowace, bayan sati shida ko bakwai su fito da fure tare. Kawu ke haɗawa tun fil azal. Shekara uku kafin zuwana duron ya tashi a fuskarsa. Ya wanke da ruwa ya koma aiki washegari, don wanda ya kwanta kwana uku a gonar nan ya tarar da wani a gurbinsa. Tun daga nan idon ke tafiya. Sai a lokacin na gane abin da ya sa yake shafa kowace tukunya kamar yana lallashinta, na gane kallon da ya yi mini a zauren Alhaji Kadri. Da yatsa Kawu yake aikinsa, kuma ranar da Sef ya tabbatar, ranar zai bar gonar da ɗakin duka. Shi bai taɓa faɗa mini ba, ni ban taɓa tambaya ba. Na dai riƙa kawar da bokiti daga hanyarsa kafin ya iso.

Muka yi shekara a haka. Sai wata iska ta zo da ruwa ta kwantar da babbar rumfa. Tukwane suka zube, alamunsu suka watse, Masu-haƙuri da Baƙi 'yan wata goma suka cakuɗe wuri guda. Talatar da ta biyo baya Nasara ya zo da wata mata daga wani babban otel, tana son Mai-haƙuri ɗari uku, su yi fure tare don wani taro, su kuma zauna da furensu har ƙarshen shekara. Ya ce a raba su yanzu a gabanta. Farar hodar da ke jikin ganyen ita ce adonsa, kuma yatsa yana goge ta. Nasara ya ga Kawu ya miƙa hannu sai ya daka masa tsawa, ya ce ba mai taɓa ganye ko ɗaya. Ya karɓi sandar Sef ya ba shi, ya ce ya riƙa nunawa daga inda yake.

Kawu ya janye hannunsa. Ya karɓi sandar.

Ni da Salfo muke ɗauka. Dama Mai-haƙuri, Sef ya ɗaura mata shuɗin zare. Hagu Baƙuwa. Ta farko daidai, ta biyu daidai, don manya ne sun buɗe. A ta bakwai ya nuna Baƙuwa ya ce dama. Na ɗauke ta na nufi hagu a hankali, kamar ban ji ba. Sef ya buga mini tsawa.

"Isuhu," in ji Kawu, bai ko juyo ba, "dama nic ce."

Na kai ta dama. Na sake kai wata. Nasara yana nan, matar tana nan, Sef yana nan yana bina da ido. Bakina ya cika da magana, na haɗiye. Ina ta ce wa raina bari su watse, in sun tafi na bi tebur na gyara. Da muka wuce arba'in na daina ƙirga kuskuren. Ba su watse ba. Nan take aka zuba wa masu shuɗin zare ruwan karbi, aka loda su a mota, matar ta bi su a baya zuwa lambun otel ɗin.

Bayan magariba, da Salfo ya fita, na miƙa igiyar.

"Kawu, akwai Baƙi cikin waɗanda anka kai."

Ya daɗe yana jan tasbaha. "Nawa?"

"Sun hi tamanin."

"Wa kag gaya ma?"

"Ba kowa."

"To ba ka ga komi ba."

Sati takwas muka yi muna jira, kamar mai jiran ƙurji ya nuna. Kawu ya rage cin abinci. Ni kuwa haushi nake ji, nasa da nawa, don na yi abin da aka ce in yi kuma ga inda ya kai mu. A sati na tara motar ta dawo. Tukwane kusan casa'in aka sauke a tsakar gona, kowace da furenta a lanƙwashe, ya bushe ya yi baƙi, shuɗin zaren yana nan a wuyanta.

Ba ranar Talata ba ce, amma Nasara ya zo. Fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Aka tara mu duka talatin. Sef Kwasi ya ja layi a ƙasa da dunduniyarsa, taku huɗu daga wani tebur, ya tsayar da Kawu a bayan layin. Tukwane goma ne a kan teburin. Ya ce tunda tsoho ya ce kuskuren rana ɗaya ne, to ya nuna wa kowa gwanintarsa. Ya fara taɓa su ɗaya bayan ɗaya da sanda, Kawu yana faɗin suna da ƙarfi, ƙirjinsa a gaba. Ya dace a ta farko, ya faɗi a ta biyu da ta uku, ba wanda ya sani sai ni. Ta biyar ba shuka ba ce. Tsohuwar tsintsiyar kaba ce da muke share ɗaki, Sef ya kafa ta a cikin tukunya ya baza kanta. Kowa yana gani. Ya ɗora sanda a kanta.

"Wagga hwa?" Salfo aka sa ya riƙa juya maganar Sef zuwa Hausa.

"Ekmeya ta," in ji Kawu. "Mai kyau ma."

Wuri ya fashe da dariya. Mutanen da ya koya wa riƙe wuƙa, mutanen da ya ara wa ɗakinsa, suka riƙe ciki. Abin da ya fi ƙona mini rai, Kawu bai san me ake wa dariya ba, sai shi ma ya ɗan yi murmushi yana waige-waige, don kada a bar shi baya. Sef ya tsige tsintsiyar ya zo ya danƙa masa a hannu. Yatsunsa suka bi ta daga sama har ƙasa. Murmushin ya daɗe bai sauka ba, kamar ya manta da shi a fuskar.

Sai Sef ya nuna ni. Ashe bai manta da tukunyar da na nufa hagu da ita ba. Ya sa aka kawo wasu goma. Ya ce in na iya, aikin tsoho ya zama nawa, in ban iya ba, mu biyu mu kwashe tsummokaranmu kafin azahar. Na dubi Kawu, yana tsaye da tsintsiya a hannu. Na tuna Dije da yaron da ban taɓa gani ba, na tuna rumbu. Wannan duk gaskiya ne, kuma shi nake faɗa wa mutane idan zancen ya tashi. Amma akwai wata gaskiyar. Shekara guda ina haɗiye abin da na sani, na gaji, ina so a gani.

Ban jira sanda ba. Daga bayan layin na bi su da yatsa, Mai-haƙuri, Mai-haƙuri, Baƙuwa, har goma, da numfashi ɗaya. Nasara ya ɗaga kowace tukunya ya duba alamar da ya sa a gindinta. Duk daidai. Ya buga kafaɗata, wasu suka yi tafi, ni kuma na ji bakina ya buɗe da murmushi kafin in kama shi. Sai ya tambaye ni tun yaushe idon tsohon ya lalace. Da na ce ban sani ba, ba wanda zai ƙaryata ni. Amma hannunsa yana kan kafaɗata, na ce tun kafin in zo. Ya ce ke nan shekara da shekaru ana yaudararsa, kada a ba tsohon ko sisin sallama, kuma ya bar ɗakin yau.

Shekara goma sha tara ta shiga buhu ɗaya da akwatin ƙarfe ɗaya. Ni na ɗauko su zuwa bakin hanya. Madam Aya ta kawo benci ta zaunar da shi a inuwarta, ta ɗaure masa acake da kifi a ganye, tana ta zagin Sef da yarenta. Muna jiran mota Kawu ya yi magana, a hankali, fuskarsa tana kallon titi.

"Goma cikin goma, Isuhu?"

Na tsuguna a gefen bencin.

"Na san sai ka ci abinci. Ban ce ka bi ni ba. Amma ko guda ba ka iya kuskure min ba? Ko ka ɗan tsaya ka yi awa kana tunani?"

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu. Wannan ce magana ta ƙarshe da ya yi da ni.

Kwana goma sha biyu ya yi a zauren Alhaji Kadri. Duk Lahadi da duk yammar da na samu ina zuwa. Yana hira da kowa, yana tambayar 'yan Malbaza labarin damina, in na yi sallama sai ya amsa wa bango. Wani daga cikin masu zaman zauren ya ce ai makafi suna samu sosai a ƙofar babban masallaci ran Juma'a, shi zai iya nema masa wuri mai kyau. Kawu ya laluba ya ɗauki butarsa ya fita. Alhaji ne ya samo masa wuri a wata motar goro mai zuwa Konni, direban mutumin Malbaza ne, ya yi alkawarin kai shi har Tajaye. Wajen hawa dole ya kama hannuna, don ba wani a kusa. Ƙafarsa tana taka ƙarfen motar ya sake ni.

Na koma gona na gaji sandarsa da gadonsa da duron karbinsa. Sef ya daina marina. Waɗanda suka yi dariya rannan suka fara ce mini ƙaramin sef, ni kuma na daina cin abinci da su.

Wata huɗu bayan nan Alhaji ya aiko cewa kaset ya zo daga gida. A lokacin haka ake yi, tunda yawancinmu ba ma karatu: a tara iyali a gaban rakoda kowa ya faɗi nasa, a ba matafiyi ya kawo. Na je da Salfo ranar Lahadi bayan la'asar. Zauren cike yake, don kaset ɗin mutum ɗaya na kowa ne. Inna ta fara, ta gode da turmin atamfar da na aika, ta ce Kawu ya iso lafiya, ya gaya musu ciwon ido ne ya sa ya ajiye aiki da kansa ya bar mini. Dije ta yi gaisuwa a kunyace, ta ce yaron, wanda aka sa wa sunan Kawu, ya fara tafiya, kuma kullum yana kan cinyar takwaransa. Aka ji motsin tabarma, aka ji Inna tana cewa a matso masa da rakodar. Kawu ya yi gyaran murya.

"Ina gaida Alhaji Kadri da iyalinai, Allah shi saka da alheri. Ina gaida mutanen zaure, na Illela da na Malbaza da na Tsarnawa, babba da yaro. Ina gaida Salho, a gaya mai bargon da nib bari nashi na. Ina gaida Madam Aya mai acake. Ina gaida Sef Kwasi, a ce mai ba komi, aiki na. A gaya ma wanda ka haɗa karbi shi bar ruhe duro, shi kau da kai in yana zubawa. Shi ke nan. Wassalamu alaikum."

Kaset ya ci gaba da huci, ana jin zakara can nesa, sannan ya tsaya.

Ba wanda ya dube ni. Salfo ya sunkuyar da kai yana murza yatsun ƙafarsa. Alhaji Kadri ya jawo rakodar gabansa, ya ce wataƙila wani wuri ya tsallake, ya mayar da ita baya muka sake ji daga "ina gaida" har "wassalamu". Ya fitar da kaset ɗin ya hura, ya juya shi da biro, ya mayar. Muka ji na uku. Sai ya fara ɓalle murfin baya.

"Batiran ga sun yi sanyi," in ji shi. "Wani shi sawo sabbi, mu sake ji da kyau."

Na ce, "Alhaji, bar su. Batiran lahiya lau suke."